Inci Ashirin da Biyu

Shekara bakwai ina riƙe da lissafin 'yan dankali
a Farar Gada: buhu nawa ya sauka daga Bokkos,
wa ya biya, wa ya ce sai Laraba.
Allon kwamfutar cinyata bai wuce tafi biyu ba.
Uku kan rikiɗe ta zama takwas da la'asar,
idona na zuba kamar na mai yankan albasa.

Rumasa'u ta ce, "Baba, ka kusa shiga cikinta har da hula.
Sayo allo daban ka jona mata."
Na zazzage gwangwanin da ke bayan kwaba:
dubu arba'in da bakwai, har da kuɗin mota.

Taminus, Litinin, sanyi bai saki yatsu ba tukuna.
Shagon farko, sabo dal a kwali,
mai lanƙwasa kamar jinjirin wata.
Da aka faɗi kuɗinsa sai na gaishe shi
irin gaisuwar da ake wa surukin wani,
na ja takalmina na fita.

Na biyu, wani ƙato mai kaurin tukunya,
arha kamar tumatir ran da mota goma ta iso.
Na zaro igiyata, babu bakin da ta shiga.
"Sayi mahaɗi," in ji yaron shago.
Kuɗin mahaɗi ya cinye arhar.
Araha dai ba ta ado.

Can lungu, bayan masu gyaran waya, na iske Davou
yana ɗumama hannu da kofin shayi.
Bai ce mini oga ba, bai ja rigata ba.
Ya ce, "Me kake yi da shi, ƙwallo ko aiki?"
Na ce lissafi.
"To bar girma, nemi wanda harafi ke tsayawa cak."
Ya sauko da na gwanjo, inci ashirin da biyu,
ƙafarsa da tabon salatif,
bayansa da lambar wani ofis da ban san ƙasarsa ba.

Muka jona. Ya sa fari tas, ya sa baƙi ƙirin,
ya sa ja, ya ce in matso.
Ga shi nan, gefen dama, ɗigo ɗaya tal,
ƙanƙane kamar kashin ƙuda,
ba ya gogewa, ba ya motsi.
"Wannan ya mutu," in ji Davou, "ba zan ɓoye maka ba.
Cire dubu shida saboda shi."
Na taya, ya yi albarka, na sake tayawa,
shayinsa ya huce kafin ya ce na sallama.

A Keke na rungume shi cikin bargon goyo,
kowane rami sai gabana ya faɗi.

Da dare, da aka kawo wuta, na buɗe littafin Yuli.
Layuka suka miƙe ƙafa kamar baƙi sun sami tabarma.
Sai ga wani gida can ƙarshe
da ƙaramin allo ya daɗe yana turawa bayan ƙofa:
Ɗanliti, buhu huɗu, an karɓa, ba a biya shi ba.
Wata uku yana rantsuwa, ni ina ce masa ya manta.

Na daɗe zaune. Rumasa'u ta leƙo,
ta ce, "Ya yi kyau?" Na ce, "Ya yi gani."

Ɗigon nan kuwa yana nan.
Jiya ya faɗa tsakanin sifili biyu,
ya mai da dubu ashirin ɗari biyu,
sai da na gusar da shafin na gane shi ne.
Yanzu mun saba. Ya san wurinsa, na san nawa.
Gobe da asuba, kafin motocin Bokkos su iso,
zan nemi rumfar Ɗanliti.