Idon da Aka Saurara

A Tashar Dukku nake faci.
Shekara sha tara ina kara kunne jikin taya
in ji inda iska ke satar hanya.
Ran Talata robar ɗaure kaya ta ƙwace
daga bayan wata akori-kura,
ta mare ni a idon hagu.
Ban faɗi ba.
La'asar dai na ga ta koma ja jawur.

Dakta Laraba ta haska fitila, ta sake haskawa.
Ta ce, "Malam Gidado, jini ya cika ɗakin,
haske ya yi sallama, ba a amsa ba."
Sai da ta tabbata ƙwayar ba ta fashe ba
ta jawo wata na'ura mai allo.
Na gane ta!
Ita ta nuna mana Dija
tana dunƙule a cikin uwarta.
Na ce, "Likita, ni fa ba ni da juna biyu."
Nas ce kawai ta dara.

"Rufe idon."
Wani mai sanyi ƙalau a kan fata,
sai kan na'urar ya sauka
kamar hannun mai zaɓen ƙwai.
"Dubi sama. Dubi hancinka. Kar ka buɗe."
Yaya ake duba da rufaffen ido?
Na dai duba.

Ta ce sauti take aikawa,
siriri, wanda kunne ba ya kamawa,
ya shiga duhu, ya bugi bango, ya dawo da labari,
yadda ake jefa tsakuwa a rijiya
a ji ko da ruwa.

Da na dama na saci kallon allon:
baƙin wata,
tsaki-tsaki na yawo ciki kamar gasarar da ba ta kwanta ba.
"Wannan jini ne, zai lafa.
Wancan kuwa..."
Wani farin zare a gefe,
in na juya ido ya kaɗa.
"Shimfiɗar baya ce ta ɗaye daga bango, ta sama.
Aiki za a yi, kar a kai mako."
Na ce, "Faci ke nan?"
Yanzu ta yi murmushi. "Faci ke nan."

Na fito ina ganin rabin Gombe,
Manu yarona riƙe da hannun rigata.
Wani ɗan acaɓa ya wuce ta gefen da ba na gani.
Tayarsa ta baya tana sacewa.
Na kira shi, bai ji ba.