Tantin Kawu Nomau

Shekara tara ya yi a ƙetaren teku,
ya dawo da tari, da akwati ɗaya,
da wani koren ƙunshi mai sanduna
wanda ya hana kowa kwancewa.

Da aka gama yankan gero
ya aro tsohuwar motar maƙwabci,
ya zuba mata asansi na jaka biyar,
ya ce mu shirya, yau a daji za mu kwana.

Inna Tsahara ta ajiye muciya:
"Mai ɗaki da rufi da ƙyaure
zai je ya kwanta inda kura ke yawo?
Ko bashi ake bin ka?"

Mun bar Maradi da hantsi,
ni a gaba, Barmu a baya
rungume da tukunya da buhun gawayi.
A Jiratawa taya ta sace,
muka ci ɗanyar gyaɗa a gindin bedi
har mai faci ya gama sallarsa da hirarsa.
Daga nan sai jar hanya,
kara a tsaye babu kai,
amalanken shanu ɗauke da dammunan gero
suna ba mu wuri in sun ga dama.

Tafkin Madarunfa ya cika ya batse.
Kawu ya durƙusa, ya kwance ƙunshin,
hannunsa ya san kowace sanda
kamar yadda harshe ya san haƙori.
Kafin masunci ya fere mana karfasa
ɗaki ya tashi a kan yashi.

Sai a shayi na uku ya yi magana.

"Can kudancin Italiya, lokacin tsinkar zaitun,
mu bakwai ne ƙarƙashin leda ɗaya.
Ruwan kaka na can sanyi gare shi,
yana bin ƙashi kamar gara.
Tsallaken titi kuwa, bakin teku,
masu hutu ke zuwa da motoci,
kekuna ɗaure a baya, kare a taga,
su biya kuɗi don su kwana a ƙasa.
Ina leƙen su ta shinge
suna dariya a irin ɗakin da nake ƙirga kwanaki.
Wata tsohuwa da za ta tafi
ta miƙo min wannan ta saman waya.
Ban taɓa kafa shi da dare ba.
Da rana nake koyo, in naɗe.
Na ce sai ranar da babu mai tilasta ni."

Ya ɗaga kai ya dubi gawon da ke kanmu.
"A wannan wata itatuwansu na yin ja,
su zubar da ganye duk su tsiraice.
Dubi namu, sai yanzu yake sa riga."

Sauro ya yi mana biki a daren nan.
Barmu ya yi kuka, ya ce shi gida.
Kwaɗi ba su rufe baki ba har asuba.
Amma Kawu, da ke raba dare yana tari,
rana ta hau shi yana minshari,
ƙafafunsa waje, don tantin ya yi masa gajarta.

Da muka koma Inna ta tare mu a zaure:
"To, me kuka samo?"
Barmu ya nuna mata ƙuraje.
Kawu ya zazzage yashin aljihunsa,
ya tambayi maƙwabci nawa zai sayar da motar.