Akwati Mai Taya Ɗaya

Direban Jibiya ya ce sai bayan la'asar,
mutum uku ne a mota, ni ce ta huɗu.
Na dubi agogo, ɗaya da rabi.
Na dubi akwatina, shi ma ya dube ni.

Tun a Funtuwa ya yar da taya ɗaya,
yake ɗingishi a bayana
kamar akuyar da aka sayo ranar kasuwa.
Cikinsa zannuwa shida, takardun shekara uku,
kwalbar zuma naɗe a ɗankwali,
da takalmin Inna da ba ta ce in sayo ba.

Baba ya sha cewa,
wata rana zan kai ki ki ga Gobarau.
Ga ranar ta zo,
shi ne dai bai jira ta ba.

Mai Napep ya ce kuɗin kaya daban.
Na biya wa akwati kujera,
ya zauna gefena yana zungurin gwiwata
har Ƙofar Sauri.

A tsohuwar kwaleji mai gadi ya ce
ba a shiga da kaya,
ba a kuma barin kaya a bakin ƙofa.
Na tsaya tsakanin dokokinsa biyu
ina leƙen katangar jar ƙasa,
da inuwar da ta taɓa rufe masu karatu
kafin a haifi kakana.
Ɗalibai biyu suka wuce, littafi a ƙirji,
suna gardama kan jarrabawar gobe.
Ɗaya ta ce, sabuwar zuwa ce.
Ban gyara mata ba.

Lungu ya miƙa ni ga lungu,
taya ɗaya tana rubutu a rairayi,
layi guda, babu wasali.
Gumi ya sauko har gadon baya.
Sai ga ta, tsaye,
ba ta kai tsawon da Baba ya ba ta ba,
amma sai da na ɗaga kai.

Matakala ba ta san akwati ba.
Gindin bedi wani tsoho na ɗinkin takalmi,
Baba Sada, haka yara ke kiransa.
Bai ɗago ba ya ce,
aje shi nan, ɗiyata, ba ya tahiya.
Na tuna zuma, na tuna takardu,
na tuna ban san shi ba.
Na ajiye.

Ginin da ɗumi kamar bayan jariri.
Na ƙirga matakai, lissafi ya ɓace mini.
A sama iska ta kama mayafina:
rufin kwano, tankunan ruwa, shanyar wani gida,
tantabaru suna zagaye abin da su kaɗai suka sani.
Can ƙasa akwatina,
duk nauyin da na jawo tun asuba,
bai fi ƙwayar wake ba.
Na ce, Baba, ga ni.
Kafaɗata ce kawai ta amsa,
ta daina zogi.

Da na sauko na tarar da shi a kife,
tsoho ya sa masa tayar keken yara,
ja ce, da ƙusa da 'yar waya.
Na miƙa kuɗi, ya ci gaba da ɗinki.
Na kwance ɗankwali, na tsiyaya masa zuma
a gwangwanin madara.
Ya lasa, ya ce, ta kudu ce wannan.

A tasha motar ta tafi tun ɗazu.
Ga wata, mutum uku, ni ce ta huɗu.
Na zauna a kan akwatina,
ƙafa ɗaya baƙa, ɗaya ja,
muna jiran na biyar.