Littafin Babu

An ɗauke wuta a Gwammaja.
Maƙwabta na tsaki, ni ina hamdala,
duhun da suke zagi shi nake jira.
Na hau soro da madubin hangen nesa
da Baba Inuwa ya sayo a gwanjon Sabon Gari,
ido ɗaya ya tsage, ɗayan na aiki.

Can sama da Dala, hagu da jar fitilar eriya,
akwai wani gurbi kamar giɓin haƙori.
Nan ya ce in riƙa duba.
"Su biyu ne a wurin, Tabawa.
Babban ja ne, ya tsufa, jiki ya saki.
Ƙaramin fari, a dunƙule, da nauyin tsiya.
Suna kewaya juna ba sallama,
ƙaramin na jan numfashin babban
kaɗan-kaɗan, kamar zubin adashi.
Ran da kwasa ta zo sai ya kama da wuta,
har mai shayin bakin titi ya gan shi da ido.
Kwana kaɗan ya lafa. Bai mutu ba.
Ya koma zubi."

Na ce, yaushe ne kwasar?
Ya ce, wanda ya ga ɗaya
da wuya ya ga ta biyu.

Ya bar min littafi mai shuɗin bango,
irin na lissafin kanti.
Kwanan wata, ƙarfe kaza, sai kalma guda:
babu. Babu. Hadari. Babu.
Daren da na haifi Sagir, babu.
Daren da ruwa ya ci katangarmu, hadari.
A shafinsa na ƙarshe hannu na rawa,
babun ta zame daga kan layi
kamar mai gyangyaɗi a sahu.

Daga nan rubutuna ne.
Shekara goma sha ɗaya ina ciyar da sauro,
ina leƙe ta cikin hayaƙin mai tsire
da tarin janaretan gidan Alhaji Gambo.
Sagir ya ce, Umma, me ake ci a babu?
Na ce, babu ma shaida ce.
Wanda bai san duhun wurin ba
ina zai gane baƙon haske?

Wataƙila ma an yi kwasar tuntuni,
kafin a ɗora tubalin farko na badala,
labarin ne ke tafe a ƙasa,
bai iso ƙofar gari ba.

Yau jikata Uwani ta biyo ni.
Ta rufe tsagaggen idon da tafin hannu,
ta daɗe shiru, ta ce, Kaka, ba komai.
Na ce, to, rubuta.

Sai ga ihun yara: an kawo wuta!
Gari ya haskaka, sama ta dushe.
Ta riƙe biro kamar muciya,
ta cika layi biyu da kalma ɗaya,
ta ce, gobe ƙarfe nawa?