Ƙidayar Jini a Puno

Da asuba, tafkin Titikaka bai farka ba,
Eusebia ta ɗiga jinin mahaifinta a gilashi.
Shekara talatin yana haƙar ma'adinai a ƙololuwar dutse,
inda iska ke rowa.

Ga jajayen ƙwayoyi, cunkus kamar ranar kasuwa.
Kowacce ta zubar da cibiyarta,
ta rushe murhunta,
don ta sami wurin dakon iska.
Wata huɗu, ta mutu, ba magaji.

Can gefe wata fara, riƙe da kayanta:
cibiya mai ajiyar wasiyya,
mitokondiriya na ci bal-bal,
wutar da ya gada wajen uwarsa kaɗai.

Ta rubuta: jajayen sun yi yawa.
A waje tsohon na tari,
yana tambaya ko an ga wani abu.