Taga Mai Taurin Kai

A ofishin kwastan na Valparaíso
Eleuterio ya kunna tsohuwar kwamfutar gida,
ya buɗe lissafin kwantena,
sai wata 'yar taga ta haye kai
ta yi zaman dirshan.

Ya ja ta gefe, ta dawo.
Ya kashe, ya kunna,
tana nan kamar bashi.

Ximena ta leƙo da shayinta:
"Danna dama. An sa mata alamar
kullum a sama. Cire kawai."

Sai yanzu ya sa tabarau.
Sha maganinka ƙarfe huɗu.
Rubutun matarsa ne, na bara,
kafin asibiti ya riƙe ta.

Ya janye yatsa.
Lissafin ya rage wa faɗi,
ya bar mata wurinta.