Dangwale

Shagona bai fi ɗakin girki ba,
a Titin Bauchi, daura da ƙofar jami'a:
kwamfuta biyu, firinta mai tari,
da benci ɗaya da sanyin Jos ke riga kowa zama a kai.

Aikina cike wa mutane fom.
Ɗalibi, mai neman aiki, mai bin sawun fansho.
Kowane shafi na buɗe
sai wani akwati ya tare ƙofa
kamar maigadin da ya ce sai an gaishe shi:
Muna amfani da kukis. Ka amince?
Na amince.
Sau ɗari kafin azahar na amince
da bakin mutanen da ban tambaya ba.

Shi ya sa injin nan ya ɗauke ni mutum ɗaya
mai ciwon suga, mai shirin aure,
mai neman karatun jinya a Kanada,
mai son takin dankali buhu arba'in.
Da yamma talla kan zo ta yi mini sallama
da leshin amaryar da ba tawa ba.

Ran Laraba Da Gyang ya zo daga Bukuru
da takardun fansho a ledar burodi.
Akwatin ya fito. Yatsana har ya kama hanya,
sai ya riƙe mini hannu.
"Me ya ce?"
Na ce, "Ba komai, Baba, kukis ne."
"Biskit?"
Benci ya kwashe da dariya. Shi bai yi ba.
"Karanta mini."

Na karanta, karon farko a shekara bakwai.
Wai za su ajiye 'yar alama a cikin injin
don su gane mu in mun dawo.
Wannan bai dame shi ba:
"Mai shayi ma ya san cokali nawa nake sha."
Wai kuma su da abokan hulɗarsu,
ɗari takwas da goma sha biyu,
za su so sanin inda muka fito,
inda muka nufa,
da abin da ido ya daɗe a kansa.

Ya yi shiru yana duban babban yatsansa.
"Ubana ya dangwala irin wannan
a takardar kamfanin kuza.
Akawu ya ce masa ba komai.
Gonar tana nan har gobe,
sai dai ta zama kududdufi,
ruwa kore shar, ba ya shayuwa, ya ci yara biyu.
Ɗari takwas ɗin nan, su wa da wa?
Nemo mini inda ake cewa a'a."

Maɓallin amincewa shuɗi ne, ƙato, kamar allon gidan mai.
A'a kuwa sai da na bi ta ƙofa uku,
rubutu kamar ƙafar kiyashi,
toka-toka a kan fari.
Na riƙa kashe su ɗaya bayan ɗaya
kamar mai tsince tsakuwa a cikin acca.
Layi ya fara tsaki.
Aka ɗauke wuta, na ta da janareta.
Da muka dawo akwatin ya sake tambaya
tamkar bai taɓa jin amsarmu ba.
Muka sake cewa a'a.

Shafin dai ya buɗe.
Abin da ya tsaya mini a wuya ke nan:
ashe ƙofar ba a kulle take ba.

Ya biya ɗari biyar, ya ninke ledarsa, ya tafi.
Ban san ko fanshon ya fito ba.

Yanzu nakan juya allon in tambaya.
Yawanci su ce, "Tanimu, danna kawai, sauri nake."
In danna.
Amma da dare, kafin in ja ƙofa,
nakan share sawun yinin daga cikin injin,
in sa tsumma in goge linzamin kwamfuta,
ko da yake babu tawada a kansa.